Firojet ɗinmu na can kwance a gindin dogon yaro

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato yana ratsa Talata Mafara, ko yakan karkata ya shiga Bakura ko Maradun, ya san abin da zan faɗa. Tsohuwar tarakta, wadda mutanenmu ke kira tantan, tana tsaye a gindin dogon yaro ko a bayan wani sito. Taya ɗaya ta sace, ƙasar da ke ƙarƙashinta ta yi baƙi ƙirin da mai, awaki sun mayar da inuwarta wurin hutawa. In ka tambayi mai ita, amsa ɗaya ce: ta tsufa, inji ya buga.

'Yan uwana ɗalibai, ni ban yarda tsufa ne ya kwantar da akasarinsu ba. Kafin inji ya buga, akwai watannin da ya yi yana ɗigar da mai kowa na kallo. Abin da ya kai tarakta gindin bishiya sau da yawa wani ɗan zoben roba ne da bai kai faɗin tafin hannu ba, ko wani shafin takarda mai kauri da ke tsakanin ƙarfe biyu. Wato sil da gaskit. Ra'ayina kuma shi ne, gyaran waɗannan ƙananan abubuwa aikinmu ne, mu da muke karatun difloma a tsakiyar yankin noman Bakolori, kuma ya kamata ya shiga cikin firojet ɗinmu na shekarar ƙarshe.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba sashen injiniya suke ba. Cikin tarakta akwai ruwa iri-iri da bai kamata su haɗu ko su fito waje ba: baƙin mai a cikin inji, man giya da na haidirolik a baya, man gas da take sha, da ruwan lagireto mai sanyaya inji. Inda ƙarfe biyu suka haɗu ba sa motsi, kamar marfin saman inji ko tukunyar mai ta ƙasa, gaskit ake sawa ya toshe tsakani. Inda kuwa ƙarfe ke juyawa ya fito waje, kamar aksil ɗin tayar baya ko sandar da ke juya injin casa a bayan tarakta, sil ake sawa. Sil zobe ne na roba mai leɓe, da ɗan siririn sifirin a ciki da ke matse leɓen a jikin ƙarfen da ke juyawa. Muddin leɓen na da laushi, mai ba zai wuce ba. Ranar da ya bushe ya tsage, shi ke nan.

Mutane na raina ɗigo, to mu yi lissafi irin na aji. Ɗigo ashirin kan ba da kusan mililita ɗaya. In inji na zubar da ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, a awa guda ya zubar da ɗigo 3,600, wato kusan mililita 180. A aikin awa takwas ya kusa lita ɗaya da rabi. Tukunyar man irin waɗannan injuna ba ta kai lita goma ba. Ke nan direban da bai duba sandar awon mai ba, kafin mako ya zagayo ƙarfe na cin ƙarfe. In ma yana dubawa yana ƙarawa, kuɗin man da yake zuba wa ƙasa a wata ɗaya ya isa ya sayi sil ɗin har da canji. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kuma ba asarar mai kaɗai ba ce. In sil ɗin aksil na baya ya mutu, a irin taraktocin da birkinsu busasshe ne, man kan gangara ya jiƙa birki. Ka yi tunanin tarakta ta jawo tirela cike da buhunan shinkafa ranar Talata, kasuwar Mafara ta cika maƙil, birkin gefe ɗaya na kamawa, na ɗaya gefen na santsi. In zoben da ke cikin haidirolik ya cinye, direba zai ɗaga haro, kafin ya juya a bakin gona ya sauko da kansa, huɗa ta fito wani wuri zurfi wani wuri sama-sama. In gaskit ɗin kan inji ya ƙone, ruwa da mai su gauraya: baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, salansa na fitar da farin hayaƙi, lagireto na ɓulɓulo da kumfa. In kuwa 'yar washar tagulla ce ta bututun gas ta saki, iska ta shiga layi, sai ka ga ƙarti biyar na tura tarakta da sassafe, ana zargin batir alhali babu ruwansa.

Yanayinmu ma ba ya raga wa roba. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga zafin injin kansa. Da hunturu ƙura ta manne wa man da ya ɗan tsattsafo, ta zama kamar sanfefa, tana goge leɓen sil tana kuma yanka layi a jikin ƙarfe. Sannan tarakta kan yi watanni a ajiye a rana ba a tayar da ita ba, roba ta bushe ta yi tauri. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi: ɗan bututun da inji ke numfashi ta cikinsa. In laka ko gidan zanzaro ya toshe shi, iska ta taru a ciki, dole ta nemi hanya, sai ta turo mai ta bakin sil. Ka canza sil sau uku, sau uku zai zubar, don ba a nan ciwon yake ba.

Na yi watanni huɗu na SIWES a wani garejin gyaran tarakta, kuma a can na fahimci inda muke da amfani da inda ba mu da shi. Maigidan garejin bai taɓa zama a aji irin namu ba, amma in ya kara kunne a jikin inji sai ya faɗa maka inda matsala take. Na ga ya ɗora takardar gaskit a kan bakin ƙarfe, yana bubbuga gefe-gefe da kan guduma mai ƙululu, har sabon gaskit ya fito da ramukan noti daidai wa daida, ba almakashi ba awo. Wallahi babu ɗaya daga cikinmu da zai iya haka a ranar. Duk ɗalibin da ya shiga gareji yana hura hanci don yana riƙe da littafi, yaran gareji za su mayar da shi abin dariya, kuma sun yi daidai.

Amma akwai gyare-gyaren da ake yi a garejojinmu da ke dawowa bayan wata biyu, kuma dalilan dawowarsu na cikin darussan da muke haddacewa don jarrabawa. Na farko, ɗaurin noti. Kan inji ba a ɗaure shi da ƙarfin damtse, ana sa bututu a jikin sifana ana ja har sai an ji ya isa. Kowane inji na da adadin ƙarfin ɗauri da kamfani ya rubuta, ana farawa daga notin tsakiya a riƙa fita gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awon ɗauri. In ba haka ba kan ya lanƙwashe, sabon gaskit ya ƙone. Na biyu, kafin a mayar da kan inji sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa an duba ko ya karkace. In ya karkace sai an kai an goge, in ba haka ba gaskit goma ba za su riƙe ba. Na uku, gam. Ana lafta gam ɗin silikon kamar ana shafa wa burodi bota, a ɗaure, ragowar ta matso ta ciki, ta gutsure ta faɗa cikin mai, ta je ta toshe ragar da famfon mai ke tsotsa ta ciki. An toshe yoyo, an kashe inji. Na huɗu, in tsohon sil ya riga ya yanka layi a jikin ƙarfe, sabon sil da ya zauna a kan layin nan zai zubar. Sai dai a ɗan gusa mazauninsa ko a sa wa ƙarfen siririyar riga. Na biyar, yadda ake sa shi: leɓe da sifirin su fuskanci wajen da man yake, a shafa wa leɓen ɗan mai, a tura shi a miƙe da abin da ya yi daidai da faɗinsa, ba a doke shi da guduma da sukundireba ba.

Har sayen kayan ma akwai ilimi. A jikin sil yawanci akwai lambobi uku, misali 35, 52 da 7: faɗin ramin ciki, faɗin waje, da kauri, duk a milimita. Wanda ya iya karanta su, ko ya iya auna ƙarfen da ma'aunin baniya da aka koya mana tun ND I, ba sai ya kwashi tsohon sil a leda ya tafi Gusau ko Ƙofar Ruwa a Kano yana gwadawa da ido ba. Ya turo lambobi ta waya a sako masa a mota. Bakanike na da hannu da kunne, mu muna da awo da karatun littafin inji. Kowa shi kaɗai rabin gyara yake yi.

Wani zai ce, to me ya sa za mu ɓata lokaci a kan tsohon ƙarfe? Saboda da tsohuwar zuma ake magani. Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975 da injin Perkins mai silinda uku, har yau tana huɗa a ƙasashe da dama. Ƙanwarta 375, da muka fi gani a nan, kamfanin Millat na Pakistan ya ci gaba da haɗa irinta, shi ya sa kayanta ba su yanke a kasuwa ba. Akwai kuma ragowar Steyr da aka haɗa a Bauchi da Fiat da aka haɗa a Kano, lokacin da ƙasar nan ke haɗa taraktocinta. Waɗannan injuna babu kwamfuta a cikinsu. Duk abin da ya lalace ido zai gan shi, hannu zai kai gare shi. A Amurka manoma sun yi shekaru suna jayayya da kamfanin John Deere saboda sabbin taraktoci da ba sa gyaruwa sai da manhajar kamfani, har jihar Kolorado ta yi doka a 2023 don ba manomi damar gyara kayansa. Abin da suke nema ta hanyar doka, mu yana nan a gindin bishiya awaki na kwana a ƙarƙashinsa.

Kuma in akwai mutanen da ya kamata su san illar sakaci da gyara, mu ne na wannan yanki. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Maradun, aka kammala ta a 1978. Tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma an tsara ta shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun. Kimanin hekta 15,000 daga ciki da famfunan feshi aka shirya shayar da su. Iyayenmu sun biya farashi mai tsada: an tashi garuruwa, gonaki sun nutse, kuma a watan Afrilun 1980 an rasa rayukan manoma a rikicin diyya. Amma ba a je ko'ina ba tsarin feshin ya tsaya cik, aka koma dogaro da ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa ta magudanai. Sai da shirin TRIMING mai samun tallafin Bankin Duniya ya zo aka sake kashe kuɗi masu yawa wajen farfaɗo da abin da aka riga aka gina. Mun iya bikin buɗe sabon abu, mun iya ɗaukar hoto da jerin sabbin taraktoci an ɗaura masu kyalle. Wanda zai zagayo bayan wata shida ya duba ko akwai ɗigo a ƙasa, shi ne ba mu tanada ba.

Yanzu kuma zancen saya sabuwa ya ƙara nisa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Ƙungiyar manoma ta ƙauye ba za ta iya haɗa kuɗin sabuwar tarakta ba. Shanun huɗa da aka dogara da su shekara da shekaru, kowa ya san abin da satar shanu ta yi masu a jihar nan. Saura me? Saura 'yan taraktocin da ke motsi, waɗanda ake bin layi a kansu. Kawuna na noman shinkafa a wani fili na Bakolori, kuma na sha ganin yadda yake biyan kuɗin haro tun da wuri, ya zauna jiran layi ya zo kansa, irin da ya yafa na girma a bedi yana wuce lokacin dashe. Manomi ya san shinkafar da aka dasa a makare ba ta yin 'ya'ya kamar wadda aka dasa a kan kari. Duk taraktar da aka tayar daga gindin bishiya, layin nan ne ya ragu.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ina so shugabannin ƙungiyar ɗalibai su ɗauke shi zuwa gaban shugabannin sassa. Na farko, a buɗe ƙofa ga duk rukunin ɗaliban ND II da ke so su ɗauki farfaɗo da tsohuwar tarakta a matsayin firojet. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu abin da muke zaɓa shi ne wanda ya fi sauƙi: a haɗa kuɗi a kai wa mai walda ya ƙera wani abu, a shafa fenti, a kare shi gaban malamai, daga ranar ba wanda zai sake taɓa shi. Kuɗin da rukuni ɗaya ke kashewa a haka zai sayi sil da gaskit da matatar mai na tarakta guda. Rahoton ma zai fi nama: me muka tarar, me muka auna, me muka canza, nawa aka kashe, hekta nawa ta yi bayan gyara.

Na biyu, a ware mako ɗaya kafin faɗuwar damina da wani kafin noman rani, masu tarakta su kawo ta a duba masu kyauta. A wanke inji, a gano inda yoyo yake, a rubuta masu jerin abin da za su saya da lambobinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, kowane rukuni ya yi aiki tare da gogaggen bakanike daga cikin gari, a ba shi girmansa da ɗan hasafinsa. Wannan ba sabon abu ba ne; Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla irin wannan alaƙa da masu sana'ar kasuwar Fanteka. Ga kuma kwalejin aikin gona ta Bakura a kusa, ɗalibanta sun fi mu sanin abin da gona ke buƙata daga tarakta.

Aikin ba na 'yan injiniya kaɗai ba ne. Ɗalibin akanta ya buɗe wa mai tarakta littafin shiga da fita, ya nuna masa nawa ya kamata ya riƙa cirewa daga kuɗin kowace hekta don gyara, domin yawanci ranar da abu ya lalace babu ko sisi a ajiye. Ɗalibin kwamfuta ya haɗa jerin taraktocin da ke ƙananan hukumomin uku: iri, shekara, abin da ke damunta. 'Yan uwa mata, kada ku ce wannan na maza ne. Awo da karanta littafin inji da rubuta rahoto ba su san namiji ko mace ba, sa sil kuma haƙuri yake so fiye da ƙarfi.

Na san akwai ƙorafi. Na farko tsaro, kuma gaskiya ne, ba wanda zai ce ɗalibi ya shiga ƙauyen da hanyarsa ba ta da aminci. Tarakta ce za ta zo gare mu, a jawo ta cikin gari, ba mu za mu bi ta daji ba. Na biyu, in ɗalibai suka ƙara lalata abin mutum fa? Shi ya sa za a fara da waɗanda suka riga suka kwanta, da yarjejeniya a rubuce, mai ita ya sayi kaya, malami da bakanike su sa ido. Ba kowace za ta tashi ba. Wadda bulok ɗinta ya tsage sai dai a cire kayanta a tayar da wata. Sai a kiyaye ƙa'idojin da ba a wasa da su: ba a shiga ƙarƙashin haro da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi, ba a laluben yoyon bututun haidirolik da hannu inji na aiki don man na iya huda fata, ba a buɗe lagireto da zafi, kuma ba a zubar da tsohon mai a magudanar da mutane da dabbobi ke sha.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi: ai karatu muka zo, ba bakanikanci ba. Haba jama'a. Nan da 'yan watanni za mu fita neman wurin aikin koyon sana'a na shekara ɗaya kafin HND, kuma kowa ya san yadda ake yawo da takarda daga ofis zuwa ofis. Ofisoshin ba su ƙaru ba, mu ne muke ƙaruwa. Wanda ya fita daga nan ya iya gano yoyo, ya iya canza gaskit ɗin kan inji ya ɗaure shi bisa ƙa'ida ya riƙe, masu tarakta da masu injin ban-ruwa da masu injin casa ne za su riƙa neman lambarsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Baƙin mai a farce sabulu ke wanke shi.

Saboda haka ina kira ga shugaban ƙungiyarmu da majalisarsa su sa wannan magana a ajandar zamansu na gaba, su nemi ganawa da shugabannin sassan injiniya kafin a raba batutuwan firojet na baɗi. Mu da muke kan hanyar fita wataƙila ba za mu ci moriyarsa ba, amma ƙannenmu na ND I za su iya. A fara da tarakta ɗaya tak. In ta tashi ta shiga gona kafin ruwan farko, sauran masu tarakta da kansu za su jawo nasu zuwa bakin get.